Makirufon USB Idan Ya Yi Shiru: Binciken Illa Kafin Yanke Hukunci

Daga cikin kayayyakin zamani da suka shigo ɗakunan mutane a 'yan shekarun nan ba tare da wata shela ba, akwai makirufon nan mai kebul guda, wanda da zarar an soka shi a jikin kwamfuta sai ya kama aiki, ba ya neman batir, ba ya neman akwatin haɗa murya, ba ya kuma bukatar a kira masani ya zo ya daidaita shi. Malamin da ke naɗar karatun littafi domin almajiransa na nesa, da wakilin gidan rediyo da ke aiko rahoto daga garin da babu situdiyo, da matashiyar da ke shirya hira tana sakawa a intanet, duk da shi suka dogara. Kuma saboda wannan sauƙi nasa ne, ranar da ya wayi gari shiru, ko ya soma gurnani da tsuwa, mai shi kan rasa inda zai kama, domin abin da bai taɓa neman a fahimce shi ba sa'ad da yake lafiya, da wuya a san ta inda za a tunkare shi sa'ad da ya kwanta. Galibi sai a ce ya ƙone, a jefa shi cikin durowa, a shiga neman kuɗin wani. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, sau da yawa an gina wannan hukunci a kan zato ne, alhali kuwa ana iya kai wa ga yaƙini da ɗan haƙuri da kayan aikin da ba su fi ƙarfin talaka ba.

Kafin a nemi illar abu wajibi ne a san yadda aka gina shi. Ƙa'idar USB ta fito a shekarar 1996, da haɗin gwiwar kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM, kana a 1998 aka ƙara mata babin da ya tsara yadda na'urorin sauti za su gabatar da kansu ga kwamfuta, wanda shi ne dalilin da ya sa mafi yawan irin waɗannan makirufo ba sa neman a saka musu wata manhaja ta musamman. Wajen 2005 kamfanin Samson ya fitar da C01U, kamfanin Blue ya fitar da Snowball, a 2009 kuma Yeti ya biyo baya ya shahara a duniya. Amma abin da ke kama muryar kansa ya girme su duka nesa ba kusa ba, domin tun 1916 wani injiniya a Amurka mai suna E. C. Wente ya ƙago makirufo mai tantani da faranti, a 1962 kuma Gerhard Sessler da James West na ɗakin binciken Bell suka kawo irinsa mai riƙe cajinsa na dindindin, wanda shi ne a cikin galibin makirufon USB na yau.

Ga yadda murya ke tafiya. A ƙarƙashin ragar ƙarfen nan akwai ɗan ƙoƙo, a bakinsa an shimfiɗa tantani wanda ya fi gashin kai siranta, a bayansa kuma farantin ƙarfe, da 'yar rata tsakaninsu. Idan mutum ya yi magana iska ta girgiza tantanin, sai ratar ta riƙa raguwa tana ƙaruwa, daga nan a sami wata wutar lantarki mai rauni ƙwarai wadda ke ɗauke da siffar muryar. Tiransisto ya karɓe ta, ya miƙa wa amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, ita kuma ta miƙa wa wani aisi da ke auna ta sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa yana mayar da awon lambobi. Lambobin su fita ta soket ɗin makirufo, su bi kebul, su shiga ramin kwamfuta, tsarin kwamfutar ya karɓa, sa'an nan ya ba manhajar da ake naɗa da ita. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi zai ga cewa wannan isnadi ne sosai, kowane marawaici yana karɓa daga na gabansa yana ba na bayansa, kuma idan ruwaya ta iso da tangarɗa, masana ba sa watsar da ita gaba ɗaya sai sun bi mazajen isnadin ɗaya bayan ɗaya sun gano wanda raunin ya fito daga gare shi. Haka mai gyara na kirki yake yi, da sharuɗɗa biyu: ya fara daga ƙarshen da ke wajen kwamfuta, inda gwaji ba ya cin kuɗi ba ya kuma ɓata komai, ya riƙa komawa baya zuwa cikin makirufon, kuma kada ya canza abu biyu a lokaci guda, domin wanda ya canza kebul da rami da manhaja tare, ko da muryar ta dawo, bai san abin da ya warke ba, gobe kuma cutar za ta dawo ta same shi yadda ta bar shi.

Abin da ya shafi kwamfuta ba ya bukatar dogon bayani, sai dai kada a raina shi. A duba maɓallin kashe murya da ke jikin makirufon, a duba marfin ƙara ƙarfi ko an murɗe shi ƙasa, a tabbata cewa sunan makirufon ne aka zaɓa a cikin manhaja. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ita ce a fara naɗa, a sosa ragar makirufon da farce a hankali; in ba a ji sosawar da ƙarfi a cikin abin da aka naɗa ba, to kwamfutar da ɗan makirufonta na ciki take saurare, kuma wannan shi ne sababin koke-koke da yawa na cewa murya tana fita kamar daga nesa. Akwai kuma mas'alar izini. A watan Afrilu na 2018 Microsoft ta sabunta Windows 10 ta yadda manhajoji ba sa samun makirufo sai an buɗe musu ƙofa a sashen sirri, a wannan shekarar kuma Apple ta kawo irin wannan sharaɗi a macOS Mojave, sai ga ɗimbin makirufo masu cikakkiyar lafiya sun yi tsit a faɗin duniya. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta isa a yi gwaji da ita. Mafi ƙarfin hujja kuma shi ne a ɗauki makirufon da kebul ɗinsa a kai wa wata kwamfuta, ko a haɗa shi da wayar Android ta ɗan mahaɗin OTG, tun da Android ta fara karɓar sauti ta USB daga siga ta 5.0 a 2014. In ya yi aiki a can, an wanke shi.

In bai yi ba, sai a juyo kan kebul, kuma a nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya ya natsu, domin a nan mutane suka fi ruɗuwa. A cikin kebul na USB na gargajiya akwai wayoyi huɗu: ja mai ɗauke da wuta bolt 5, baƙa wadda wutar ke komawa ta cikinta, sai fara da kore waɗanda su ne ke ɗauke da bayanai. Fitilar da ke haske a jikin makirufo ba ta shaidar komai face cewa ja da baƙa suna raye. Tana iya haske tar alhali fara ko kore ta tsinke a wuyan kebul inda ake yawan lanƙwasa shi, kwamfuta kuwa ko ta yi shiru kamar ba a soka mata komai ba, ko ta fito da saƙo cewa ba ta gane na'urar ba. Bugu da ƙari, kasuwa cike take da kebul na caji kawai, irin waɗanda ake haɗowa da tocila da ƙananan fankoki, waɗanda tun daga masana'anta ba a sa musu wayoyin bayanai ba. A ido babu bambanci, kuma wanda ya gwada makirufonsa da irinsu uku zai rantse cewa makirufon ne ya mutu. Saboda haka kebul ɗin gwaji sai wanda aka tabbatar yana kwashe hotuna daga waya ko kyamara zuwa kwamfuta. A kula da tsawo kuma, domin ƙa'idar USB 2.0 ba ta lamunci fiye da mita 5 ba, kuma wutar da rami guda ke bayarwa ba ta wuce miliamfa 500 ba, ta yadda idan aka haɗa makirufo da kyamara da filasha a kan akwatin raba ramuka wanda ba shi da wutar kansa, sai makirufon ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. A soka shi kai tsaye, in kwamfutar teburi ce a ramukan baya.

Bayan kebul sai soket ɗin da ke gindin makirufo, wanda a ganina shi ne mafi rauni a duk ginin. Masu tsara ƙa'idar sun ƙiyasta cewa soket irin na mini-USB, wanda tsofaffin Yeti da makamantansu ke da shi, zai jure sokawa da zarewa sau 5,000, micro-USB da USB-C kuma sau 10,000. Amma wannan lissafi na sokawa ce madaidaiciya a ɗakin gwaji, bai haɗa da makirufo mai nauyi da ake karkatawa a kan mariƙinsa har kan kebul ya dogara da teburi ba, bai kuma haɗa da yaron da ya yi tuntuɓe da waya ba. Gwajinsa shi ne a fara naɗa, a riƙe kebul, a motsa kansa a hankali dama da hagu, sama da ƙasa. In muryar ta yanke, ko fitila ta ƙifta, ko aka ji ƙas-ƙas, kuma an riga an wanke kebul, to an kama mai laifi. Wani lokaci ƙura ce kawai ta cushe a ciki, a zare daga wuta a sakace ta da tsinken itace, ba da allura ba. Amma galibi dalmar da ke riƙe da ƙafafun soket ɗin a kan fanel ɗin da ke cikin makirufo ce ta tsage, ko kuma soket ɗin ya ɓamɓaro ya taho da siraran hanyoyin tagulla. Wannan aiki kuwa ba baƙo ba ne ga masu gyaran waya. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko takwarorinta a sauran birane, zai tarar da samari suna canza bakin caji daga safe zuwa dare, kuma soket ɗin makirufo ya fi na waya girma da sauƙin kamawa. Abin da ke hana su karɓa sau da yawa rashin sabo ne, don haka mai makirufo ya je musu da bayani a bakinsa: ya ce ga gwajin da ya yi, ga abin da ya gani, soket yake so a sake wa dalma ko a canza. In hanyoyin tagullar sun tsinke, ana tsallake su da siririyar waya. In kuma wurin ya lalace gaba ɗaya, ana iya yanke kan kebul a lika wayoyinsa huɗu kai tsaye a fanel, a ɗaure shi daga ciki yadda ja ba zai kai ga dalma ba. Bai yi kyan gani ba, amma yana daɗewa.

Makirufon da ke magana amma da hayaniya ya fi mai shiru sauƙin sha'ani, domin kowace ƙara tana faɗin asalinta ga mai kunnen saurare. Gurnani mai kauri wanda ba ya canzawa, wannan na wutar gida ne, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya da Nijar, sau 60 a Amurka. A zare cajar kwamfuta a bar ta a kan batir, in gurnanin ya ɗauke, to caja ce mara kyau, ko soket ɗin bango wanda ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, ko ƙaramin janareta ko inbata mai ba da wuta mara tsabta, kuma maganin da ya fi sauƙi shi ne a riƙa naɗa a kan batir. Tsuwa siririya mai huda kunne, ita kuma daga zirga-zirgar bayanan USB take, domin kwamfuta na aika wa na'urar alama sau 1,000 a daƙiƙa, kuma idan kariyar kebul ta yi rauni ko kafasitar da ke tace wuta ta tsufa, sai wannan bugu ya tsallaka cikin murya. Canjin kebul da rami kan rage ta, in ta ƙi sai a duba kafasita. Dit-dit-dit ɗin da ke zuwa gab da shigowar kira kuwa wayar hannu ce, wadda a tsarin GSM take watsa saƙonta a guntu-guntu sau 217 a daƙiƙa, kuma ba ta da magani face a nisanta ta. Sai huci mai kama da na iska, wanda galibi alama ce ta cewa an buɗe amfilifaya fiye da kima domin mai magana ya yi nisa, ko kuma yana magana ta saman makirufon da aka gina don a yi masa magana ta gefe; a matso kamar taki guda, a fuskanci gefen da tambari yake, a rage marfi. In kuma murya ta fito ta ɗan sirance ko ta ɗan kauri da sauri ko jinkiri, a duba ko kwamfuta tana kan 48,000 manhaja kuwa tana kan 44,100.

Akwai wata ƙara da ta cancanci a keɓe ta, watau tartsatsi da fashe-fashe masu zuwa su tafi ba tare da an taɓa komai ba. In suna zuwa ne sa'ad da ake murɗa marfi, datti ne a cikinsa, ɗigon sifirit na masu gyara da murɗawa sau da yawa ya isa. In kuwa haka kawai suke zuwa, musamman da damina ko bayan an daɗe ana magana dab da raga, to laima ce ta sauka a kan ƙoƙo. Dalili kuwa shi ne, cajin da ke kan tantani ƙanƙane ne matuƙa, har raɓar numfashi na iya buɗe masa hanyar zurarewa. Kuma tun da abu mai caji yana jan ƙura, hazon hunturu kan taru a kansa, idan damina ta zo ƙurar ta sha laima, sai illar da aka shuka a watan Janairu ta tsiro a Agusta. Maganinta shi ne a sa makirufon cikin mazubi mai rufuwa gam tare da ƙunshin tsakuwar nan mai shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Shanya shi a rana, ko hura masa iska mai zafi, ko barinsa cikin motar da aka rufe da azahar, duk makaruhi ne mai kusa da haramun a wannan sana'a, domin zafi mai tsanani na zubar da cajin dindindin ɗin, kuma in ya zube ba ya dawowa. Tantanin kansa kuma ba a taɓa shi, ba a busa shi, ba a goge shi da auduga. Wanda ya saba lulluɓe makirufonsa da jaka bayan aiki, ya kuma sa masa soso ko ragar tare numfashi, da wuya ya gamu da wannan babi.

Sai bayan duk waɗannan ne ake ɗauko sukundireba, kuma ko a nan akwai gwaji guda da ke raba gardama kafin a kwance noti. Yawancin makirufo masu daraja suna da ramin abin saurare na kunne. In mutum ya sa shi ya ji muryar kansa, ƙoƙo da amfilifaya suna raye, illar tana tsakanin aisi da kwamfuta. In kuma yana jin sautin kwamfuta ta cikinsa amma ba ya jin kansa, to hanyar USB lafiya take, a nemi illa ta wajen ƙoƙo. Da wannan kaɗai an rage rabin wahala. In akwai sauran wa'adin garanti, buɗewa na soke shi, sai a mayar wa mai kanti. In babu, a ɗauki hoton kowane mataki da waya, a nemi notunan da ke ɓoye ƙarƙashin roba ko takarda, a zaro fanel a hankali domin wayoyin da ke zuwa ƙoƙo sirara ne ƙwarai. Da hunturu kuma, lokacin da busasshiyar iska ke sa jiki tara wutar da ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe, a fara taɓa wani babban ƙarfe kafin a taɓa fanel.

Ido da hanci su ne kayan awo na farko: wayar da ta tsinke daga dalmarta, kafasitar da kanta ya kumbura, baƙin tabo da ƙauri, koren tsatsa inda ruwa ya taɓa shiga, da siririn zobe na tsagewa kewaye da ƙafar soket ko ta marfi, wanda ba a ganinsa sosai sai da gilashin ƙara girma. Sa'an nan mitar awon wuta. Ba tare da wuta ba, a auna ko kowace ƙafa ta soket tana kai wa inda ya kamata, a kuma tabbata ja da baƙa ba su haɗe ba. In sun haɗe, kada a kuskura a soka shi a kwamfuta, domin ko da yake bolt 5 ba ya cutar da mutum, yana iya kashe ramin kwamfuta mai tsada. Da wuta kuma, wadda ya fi kyau a fara ɗauko ta daga fawa-banki, a nemi tsakanin bolt 4.75 da 5.25 a bakin shiga, a nemi 3.3 a bayan ɗan abin da ke daidaita wuta in fanel ɗin yana da shi, a nemi 'yan bolt kaɗan a ƙafar ƙoƙo. Inda wuta ta shiga ba ta fita ba, nan illar take. Aisin da ya yi zafi har yatsa bai iya zama a kansa ba cikin 'yan daƙiƙu, alamarsa ba ta da kyau. In kuma wuta ta cika ko'ina amma kwamfuta ba ta ganin komai, a duba ɗan gwangwanin nan mai sheƙi da ke ba aisi bugun lokaci, wanda a kan sanannun aisi irin su CM108 na C-Media da PCM2902 na Texas Instruments yake bugawa sau miliyan 12 a daƙiƙa, kuma faɗuwa ƙasa na iya fasa shi daga ciki. Kuɗinsa kaɗan ne, ƙafafunsa biyu ne.

Game da dalma akwai abin lura. Tun daga Yuli 2006 dokar Tarayyar Turai ta sa masana'antu suka koma wa irin da ba ta da gubar darma, wadda ke narkewa a wajen digiri 217, alhali ta dā tana narkewa a 183, don haka ƙaramin ƙarfen narka dalma da bai da zafi sosai zai yi ta lasar ta ba ta narke ba, mai gyara ya yi ta dannawa har ya ɗaga hanyar tagulla. A sa man dalma, a ƙara 'yar sabuwa a kan tsohuwa, a taɓa a ɗaga. A ƙafar ƙoƙo kuwa kada ƙarfe ya wuce daƙiƙa biyu ko uku. A yi aikin inda iska ke shiga, a wanke hannu bayan an gama.

Akwai kuma inda gyara ke tsayawa, kuma amana ce a kan mai gyara ya faɗa wa mai kaya gaskiya in an kai nan. Idan babban aisin ne ya mutu, sau da yawa sayo irinsa ba ya wadatarwa, domin wasu kamfanoni na zuba masa umarni nasu na musamman wanda ba a sayar da shi a kasuwa. A kan masu araha kuwa an binne shi ƙarƙashin baƙin ƙaro, ba ya ma ciruwa. Duk da haka gangar jiki da raga da mariƙi da ƙoƙo ba su mutu ba, kuma mai hannu na iya cire fanel daga ƙaramin katin sauti na USB da ake sayarwa a shagunan kwamfuta, ya haɗa shi da ƙoƙon, ya sami makirufon da ya isa karatu da hira, ko da bai kai na asali tsabtar murya ba.

Ko wane gyara aka yi, kada a ɗaure notuna sai an gwada shi a buɗe: a naɗi minti ɗaya na shiru a saurara da abin kunne, a naɗi minti ɗaya na magana, a motsa kebul, a murɗa kowane marfi daga farko zuwa ƙarshe, kana a bar shi a kunne kamar rabin sa'a a sake naɗa, domin tsagewar dalma wani lokaci ba ta bayyana sai fanel ya ɗumama. In ya wuce wannan, a rufe shi, a ɗaure kebul a jikin mariƙi da 'yar igiya ta yadda nauyinsa ba zai sake sauka a kan soket ba.